Gulmar 'Yan Fim: Laifin Ɗan Jarida Ko Na Mai Karatu?

Da zarar mujalla ta buga labarin mutuwar auren wata jaruma, sai a ji 'yan kallo suna Allah wadai da 'yan jarida. Amma fa su ɗin dai ne ke rububin sayenta a Bata.

Abin da ya faru a Kano a 2007 ya isa misali. Wani bidiyon sirri na wata fitacciyar 'yar wasa ya ɓulla, kuma ba mujalla ce ta fara yaɗa shi ba. Jama'a ne suka dinga tura wa juna ta Bluetooth, kafin jaridu su ɗauka su ƙara gishiri. Ƙarshenta aka dakatar da shirya fim na wata 6, Hukumar Tace Finafinai ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo ta tsananta dokoki. Masu kyamara da masu dafa abincin lokeshan, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, suka rasa na cefane.

A Ingila ma, jaridar tsegumi ta News of the World tana sayar da kwafi sama da miliyan 2 duk Lahadi. Da aka gano ma'aikatanta na satar sauraren saƙonnin wayar mutane, jama'a suka fusata, masu talla suka janye, aka rufe ta a 2011 bayan shekara 168.

Editan da ya buga ƙarya ba shi da uzuri, don shi ke da alhakin bincike. To amma kasuwar gulma ba ta ci sai da mai saye, kuma kuɗin yana aljihun mai karatu.