Tarin da Ya Ƙi Tafiya: Uwargida, Duba Murhunki

Tun da asuba, masu ƙosai da waina a bakin Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano suke hura wuta, hayaƙin icce na cakuɗuwa da na A Daidaita Sahu. Ko mace ba ta taɓa shan sigari ba, shekarun shaƙar irin wannan hayaƙi na iya jawo mata cutar toshewar hanyoyin numfashi, wato COPD. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta kashe mutum miliyan 3.5 a 2021.

Alamunta su ne tari mai majina da haki ko a ɗan ƙaramin aiki.

Mata da yawa na gudun maganin shaƙa, wai in an fara ba a dainawa. Ba maganin ne ke kama jiki ba, cutar ce ba ta warkewa, sai dai lallaɓawa. Abin tsoron shi ne daɗewa ana shan ƙwayar prednisolone daga kemis: tana ta da sukari da hawan jini, ta raunana ƙashi.

Uwargida, yi girki a sarari, ki sauke goyo nesa da murhu. In tari ya wuce mako biyu, ki fara zuwa Asibitin Zana a duba ko tarin fuka ne.