Ƙunar da Ta Yi Bororo Ruwa Take So, Ba Makilin Ba

Ƙuna hawa uku ce gwargwadon zurfinta. Akwai wadda ta tsaya a saman fata ta yi ja kawai, akwai wadda ta cinye fatar kaf. A tsakaninsu akwai wadda ta huda saman ta taɓa shimfiɗa ta biyu, inda ƙananan jijiyoyin jini da na jin zafi suke. Ita ce mai yin bororo, mai tsattsafo da ruwa, mai raɗaɗin tsiya. Ruwan zafi, kunu, man suya da garwashin jin ɗumi a hunturu ne suka fi jawo ta, yara kuma su suka fi faɗawa.

Abin takaici, da an ji ihun yaro sai a ruga ɗauko makilin. Wasu ɗanyen ƙwai za su fasa, wasu manja, wasu gishiri, har da masu manna gashin zomo. Hujjar masu makilin ita ce yana sanyaya wurin. Sanyin nan yaudara ne: sinadarin na'ana'a da ke ciki ne yake sa jiki ya ji kamar sanyi, alhali zafin wutar yana nan a ƙasa yana ci gaba da dafa nama. Mai da man shanu kuwa rufe zafin suke yi. Ƙwai da gashi ƙwayoyin cuta suke kai wa fatar da ta riga ta buɗe. Sannan idan an je asibiti dole a kankare duk abin da aka lafta kafin likita ya ga zurfin raunin, kuma yaron ne zai sha azabar kankarewar, ba wanda ya ba da shawarar ba.

Abin da ya dace arha ne. A kwarara ruwa mai ɗan sanyi, na famfo ko na randa, tsawon minti 20 cur. Ko an makara, yana da amfani har zuwa awa 3 bayan ƙunar. Ban da ƙanƙara, domin tana matse jijiyoyin jini ta ƙara kashe fatar. A cire zobe da awarwaro tun wurin bai kumbura ba, amma tufafin da ya manne kada a fizge shi. Idan ƙaramin yaro ne, a lulluɓe sauran jikinsa kada sanyi ya kama shi. Bororon kada a huda shi da allura, murfi ne da jiki ya yi wa kansa. A rufe da ƙyalle mai tsabta marar gashi, ba auduga ba, a ba da farasitamol.

Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska, hannu, ƙafa, al'aura ko kan gaɓa, asibiti ake kai ta kai tsaye, haka ta jariri da ta tsoho. A can za a duba batun allurar tetanus. Marar zurfi takan warke cikin mako 2 zuwa 3. Wadda ta wuce haka, ko ta fara wari, mugunya ko zazzaɓi, ta koma hannun likita, domin mai zurfin takan bar tabo mai ƙanƙance gaɓa, wani lokaci sai an yi dashen fata.