Matsayin Kwastoma a Otal: Wa Yake Cin Riba?

A tsarin Marriott Bonvoy, sai mutum ya yi kwana 50 a otal-otal ɗin kamfanin Marriott cikin shekara kafin ya kai matsayin Platinum, inda ake barinsa ya riƙe ɗaki har ƙarfe huɗu na yamma a ranar da zai tashi, a kuma sauya masa ɗaki mafi kyau idan akwai. Ɗan kasuwar da kullum yake kan hanya ya ci riba, domin dama zai biya kuɗin kwanan. Mai tafiya jefi-jefi kuwa asara zai yi idan ya bar masauki mai rahusa don matsayin da ba zai kai ba. Wani zai ce ai rajista kyauta ce. Gaskiya ne, a yi ta, amma farashi da kusanci su zaɓa wa mutum masauki.