Ma'anar Kalmar "Ligature"

Akwai wata kalma wadda ba safai a kan gamu da ita ba sai a bakin masu ɗab'i da malaman waƙa na Turai. A rubuce "ligature" ce, a baki kuwa kamar "ligaca". Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawan dā, daga "ligare", watau ɗaurewa. Ma'anarta ita ce abu biyu ko uku da aka ɗaure suka zama ɗaya.

Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya san abin, sunan ne kaɗai baƙo. Lam da alif in sun haɗu ba a rubuta su dabam dabam, sai a sarƙe su, a ce lam'alif. To, wannan ita ce ligaca.

A boko ma akwai ta. Ɗauki littafi bugagge ka duba "fili" ko "fitila" da kyau. Sau da yawa za ka ga f da i sun manne, ɗigon i ya ɓace. Dalili kuwa, a zamanin haruffan dalma kan f ya kan leƙo waje, ya yi karo da ɗigon i, har ya karye. Sai maƙeran haruffa suka riƙa zuba su biyun a guntun dalma guda. Gutenberg, wanda ya buga Littafi Mai Tsarki a Mainz ta Jamus wajen 1455, ya yi aiki da irin waɗannan da yawa domin bugunsa ya yi kama da rubutun hannu. Dalma ta wuce, amma kwamfuta ta gaji al'adar. Mutanen Turkiyya su kan guje wa wannan haɗin, domin tun 1928 suna da i mai ɗigo da marar ɗigo, kuma ba ɗaya ba ne.

Wajen waƙa maganar ta fi wuya kaɗan. Mawaƙan coci na Turai su kan ja gaɓa ɗaya ta kalma, murya ta hau ta sauka a kanta. Marubuci sai ya haɗa alamun muryoyin nan su zama siffa guda, mai waƙa ya san numfashi ɗaya ne, gaɓa ɗaya. A ƙarni na 13 wani malami, Franco na birnin Kolon, ya tsara ƙa'ida yadda siffar haɗin za ta nuna wace murya ce doguwa, wace ce gajera. 'Yar jela a gefen hagu, ko ta dubi sama ko ƙasa, ta isa ta sāke tsawonsu. Bayan 1600 aka yi ta barin wannan hanya, yanzu lanƙwasasshen layi a kan ja bisa alamun.

Malamin aji ɗaya shi ya kamata ya fi lura. Yaron da aka koya wa cewa i ba ta rabuwa da ɗigonta, in ya ga "fita" a littafi ya kan tsaya, ko ya ɗauka baƙon harafi ne. Kada a ce masa kuskuren maɗaba'a ne. A rubuta masa f da i a rabe a kan allo, sa'an nan a manne su yana kallo.