Kalmar "Robust": Asalinta da Ma'anarta

Sau da yawa akawu yakan ci karo da kalmar robust cikin takardar Turanci, nan da nan ya fassara ta da "mai ƙarfi", ya wuce. Ba ƙarya ya yi ba, amma ya bar rabin ma'anar a baya.

Asalin kalman nan daga Latinanci ne, watau harshen Rumawan dā. Su suna da wata kalma, robur, sunan wani babban itace mai tauri wanda Ingilishi ke kira ok. Saboda taurinsa har suka riƙa kiran ƙarfi kansa da sunan itacen, abin da ke da ƙwari kuwa suka ce masa robustus. Daga nan kalmar ta shiga Turanci a ƙarni na 16.

In kana so ka gane itacen nan, tuna da ƙirya, wadda ake sassaƙa taɓarya da ita, maƙera kuma su yi gawayi. Da ok Ingilishi suka gina jiragen ruwansu na yaƙi. Jirgin da ake kira Victory, wanda aka saukar a ruwa a 1765, Nelson ya yi yaƙin Tarafalga cikinsa a 1805, ga shi har yanzu yana ajiye a Fotsmot.

Saboda haka robust ba ƙarfin ɗaukar kaya kaɗai ba ne, ƙarko ne da jimiri. Yaron da ya sha zazzaɓi ya miƙe garau, da gadar da ta ga damina da yawa ba ta gushe ba, da hujjar da aka yi ta suka ba ta faɗi ba, duk sun cancanci wannan suna. Akwai ma wani irin kofi, ɗan asalin Afirka, da aka sa wa suna robusta don ya fi ɗan'uwansa arabika jure zafi da cuta.

Akawunan kotu su lura da ƙanwarta, corroborate. Tushensu ɗaya, ma'anarta kuwa shaida ta ƙarfafa shaida.

To, malamai, in kun zo koya wa yara kalman nan, ku fara da itacen. In an rubuto a ɗauki ma'aikaci robust, ba ƙato ake nema ba, mai jure wahala ake nufi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.