Matsalar ƙidayar sunan da ba shi da yawa a ƙasar Tasawa da Mayahi: misalin Mijinyawa

0. Gabatarwa

A ƙasashen Turai, nazarin yawan sunayen iyali da bazuwarsu fanni ne da ya daɗe da kafuwa. Tun 1845 Bienaymé ya yi lissafin yadda sunan iyali ke ƙarewa idan ƴaƴa maza suka yanke, sannan Galton da Watson suka sake ɗaukar matsalar a Ingila wajen 1875. A Faransa, hukumar ƙididdiga ta INSEE tana da jerin sunaye bisa wurin haihuwa tun daga 1891, har mai bincike yana iya bin suna ɗaya daga wannan zamani zuwa wancan, ya zana taswirarsa. Ɗalibanmu da dama, da suka ga wannan aiki, sukan so su maimaita shi a kan sunayen gida. A cikin wannan ƙasida za mu nuna abin da irin wannan ƙidaya take aunawa idan aka yi ta a gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi. Mun ɗauki sunan Mijinyawa a matsayin misali, saboda ba a cika jin sa ba, kuma yana da gurbi a tarihin yankin. Abin da muke son tabbatarwa shi ne: a ƙasar Hausa, hawa da saukar suna a cikin rajista sun fi ba da labarin alƙalamin hukuma da na makaranta bisa ga labarin zuriya.

1. Suna a wajen Bahaushe da suna a wajen hukuma

Lissafin Bienaymé ya dogara ga sharaɗi ɗaya, wato suna ya bi uba zuwa ɗa, ɗa zuwa jika, ba tare da canji ba. A Faransa dokar 1794 ce ta ɗaure wannan sharaɗi, inda ta hana mutum ɗaukar wani suna in ba wanda ke cikin takardar haihuwarsa ba. Turawan mulki sun ɗora wa Aljeriya irin wannan tsari da dokar 1882, Turkiyya kuma ta ɗora wa kanta shi a 1934. A Mali da Senegal akwai sunayen dangi tun asali, irin su Traoré da Diop, waɗanda rajista ta tarar da su ta ɗauka.

Bahaushe ba shi da wannan. Abin da yake da shi hawa uku ne:

(1) sunan yanka, wanda ake raɗawa ran bakwai, kuma galibi daga sunayen Musulunci yake fitowa;
(2) laƙabi, wanda yanayin haihuwa ko alkunya ke jawowa: Tanko (namiji bayan mata), Gambo (mai bin tagwaye), Nomau (haihuwar lokacin noma), Ɗanjuma, Auta;
(3) abin da ake rarrabe mutum da shi cikin jama'a: sunan uba, ko gari, ko sana'a, ko sarauta.

Hawa na uku shi ne hukuma ta zuba a gurbin da takardunta ke kira « nom ». To amma sunan uba yana canzawa a kowane ɗaki na zuriya: wanda ya zo na biyu a sunan ɗa, ba ya cikin sunan jika. Ko jerin ma bai zauna ba, shi ya sa ake rubuta Diori Hamani a kuma rubuta Hamani Diori, ake rubuta Tandja Mamadou a kuma rubuta Mamadou Tandja, alhali mutum ɗaya ake nufi.

2. Ƙirar sunan da gurbinsa a tarihi

Ta fuskar ƙirar kalma, Mijinyawa harɗaɗɗen suna ne mai sassa uku: miji + -n + yawa. Tsarinsa ɗaya ne da na Mijingini, sunan da muka sani a rubutun faransanci da siffar Mijinguini ta hanyar Abdou Mijinguini, mawallafin Ƙaramin ƙamus na hausa zuwa faransanci. Wannan ƙira ta ishe mu shaida cewa sunan yana cikin hawa na biyu. Ma'anar haka kuwa babba ce ga mai ƙidaya: laƙabi yana iya tsirowa a gidaje daban-daban waɗanda ba su haɗa jini ba, kamar yadda Tankon Mayahi da Tankon Daura ba lalle ne su zama ƴan'uwa ba.

A tarihin yankin, wanda ya fi shahara da sunan shi ne Sarki Mijinyawa, daga gidan sarautar Katsina da ya kafu a Maraɗi bayan jihadi. A ƙarshen ƙarni na 19 rikicin sarauta ya raba shi da Maraɗi, ya koma Tasawa, kuma a can Faransawa suka tarar da shi. Wannan ne lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar, har shugabanninta biyu suka mutu a wajen Maijirgi cikin watan Yuli na 1899. A rubuce-rubucen Turawan wancan zamani sunan sarkin yakan fito da siffar Moussignaoua, wadda Bahaushe ba zai gane ta ba sai an faɗa masa. Ke nan tun ranar da sunan ya shiga takarda ya fara rabuwa da kansa.

3. Abubuwa uku da ke karkatar da ƙidaya

3.1. Rubutu

Akawun da ke cika rajista da ƙa'idar faransanci yake rubutu, kuma da kunnensa yake aiki. A cikin wannan suna kaɗai akwai gurabe uku da hannu ke iya bambanta: sautin /j/ (j ko dj), sautin /ny/ (ny, gn ko ni), da gaɓar ƙarshe (wa ko oua). Idan aka ninka, 2 sau 3 sau 2, za a samu siffofi 12 masu yiwuwa, tun ba a sa irin su Moussignaoua ba. A ƙetaren iyaka, a Katsina ko Daura, rubutun boko ya tsayar da siffa ɗaya, Mijinyawa. Saboda haka mai binciken da ya nemi siffa ɗaya tak a jerin sunaye zai ga sunan ya fi yawa a Nijeriya, ya yi ƙaranci a Nijar, alhali bambancin na ƙa'idar rubutu ne. Ƙarancin da ake gani a takarda, wani ɓangarensa warwatsuwa ce tsakanin siffofi.

3.2. Daskarewa

Mu ƙaddara wani magidanci mai wannan laƙabi yana da ƴaƴa 6, kowannensu kuma ya haifi 5. A tsarin gargajiya sunan zai fito sau 1 a gurbin farko, sau 6 a gurbi na biyu, sannan ya ɓace: jikoki 30 suna nan da ransu, amma ba ko ɗaya da ke ɗauke da shi. Idan kuwa biyu daga cikin ƴaƴan sun yi boko suka zama ma'aikata, suka riƙe sunan kakan a matsayin « nom » na gida, sai a samu jikoki 10 masu sunan, 20 marasa shi. Zuriya ɗaya ce, adadinta bai canza ba, amma ƙidaya tana iya ba da 0, ko 10, ko 30.

Wannan shi muke kira daskarewa, wato lokacin da suna ya daina zama na mutum ɗaya ya koma na gida. Ba ta faruwa a ko'ina lokaci guda. Ta fi saurin kama gidajen sarauta, inda sunan kaka yake da daraja, da gidajen ma'aikata, inda takardun albashi da na fansho ke bukatar suna tsayayye. A ƙauye kuwa, inda yaro da yawa ba ya samun takarda sai zai shiga makaranta ko zai yi jarrabawa, ta hanyar hukuncin kotu da jama'a ke kira jijima, sunan da aka rubuta ya danganta ga wanda ya raka shi ran nan: uba ne, ko kawu, ko mariƙi. Irin waɗannan takardu su ne masu ɗauke da « né vers », wato ko shekarar haihuwar kintata aka yi. Dokokin rajistar jama'a na 1985, 2007 da 2019 sun faɗaɗa aikin rajista sosai, don haka duk wani suna zai yi kamar yana ƙaruwa a ƴan shekarun nan, ko da masu shi ba su ƙaru ba, tun da waɗanda a da ba a rubuta su yanzu ana rubutawa.

3.3. Iyakoki

Kalmar « Tasawa » a takardar 1920 da a takardar 2020 ba ƙasa ɗaya take nufi ba. Tasawa ce hedikwatar yankin a farkon mulkin mallaka, kafin a mayar da ita Maraɗi a 1927. Gyaran 1964 ya sa Tasawa da Mayahi a matsayin yankuna biyu ƙarƙashin Maraɗi, a 1972 aka cire Agye daga Tasawa, a 2011 kuma aka cire Gazawa daga Agye. Ƙidayar jama'a ta ƙasa an yi ta a 1977, 1988, 2001 da 2012, kuma a ta 2012 kowace daga gundumomin biyu ta haura mutum dubu 500. Wanda ya kwatanta adadin suna tsakanin zamani biyu bai daidaita iyaka da yawan jama'a ba, zai ga raguwa ko ƙaruwar da taswira ce ta haifar da ita.

4. Abin da bazuwar suna ke nunawa

Idan an kiyaye waɗannan abubuwa uku, taswirar suna tana da amfani, sai dai a san hanyoyin da suna ke bi. Mun ga guda uku.

Ta farko ita ce hanyar noma. Bayan yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 sun lafa, manoma sun fita daga garuruwa masu ganuwa suka bazu cikin jigawa ta arewa suna saran daji da gina rijiyoyi. Binciken Guy Nicolas a kwarin Maraɗi, da na Claude Raynaut da abokan aikinsa a ƙauyuka irin su Sharkin Hausa ta ƙasar Mayahi, sun bayyana tsarin gida da na gona da wannan bazuwa ta ginu a kansa. A nan sunan kaka ba ya daskarewa a jikin mutane, a jikin ƙasa yake daskarewa: Gidan wane, Garin wane, Rijiyar wane. Ƙananan hukumomi biyu na Mayahi, Gidan Amumun da Alhasan Mairairai, suna ɗauke da irin wannan ƙira. Saboda haka jerin sunayen ƙauyuka ya fi rajistar haihuwa riƙe sunayen da.

Ta biyu ita ce hanyar ci-rani da gudun yunwa. A 1913-1914, da 1973-1974, da 1984-1985, jama'ar yankin sun gangara kudu zuwa Katsina, Daura da Kano. Wanda ya zauna can yakan bar sunan uba ya ɗauki na gari, kamar yadda al'adar makarantun Nijeriya ta arewa ta saba (Aminu Kano, Shehu Shagari). A taswira sai a ga sunan ya tsaya cak a bakin iyaka, alhali masu shi sun ƙetare.

Ta uku ita ce hanyar aikin gwamnati, kuma misalinta yana kusa da mu. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, an haife shi a Tasawa a 1929. Littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka da suna biyu ya fito, amma ana kuma kiran sa Abdou Moumouni Dioffo, kuma wannan suna na uku daga gidansu na Kirtashi yake, a ƙasar Zabarmawa. Mai ƙidayar da ya bi wurin haihuwa kawai zai sa Dioffo cikin sunayen Tasawa. Ɗigo ɗaya a taswira yana iya zama shaidar zaman ɗan lokaci kurum.

5. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna ba ɗalibin da zai ɗauki irin wannan aiki shawarwari huɗu. Ya fara da mayar da kowace siffa zuwa rubutun hausa, ya tara su wuri ɗaya. Ya raba gurbin da sunan ya fito, na farko ne, na biyu, ko na uku, domin gurbi na uku shi ne alamar daskarewa. Ya auna adadin da yawan waɗanda aka rubuta a wannan zamani da wannan iyaka. Daga ƙarshe ya je ya zauna da dattawan gidan, ya ji sunan wa aka ɗauka, kuma a hannun wa ya tsaya.

Maganar ba ta tsaya ga ilimi kaɗai ba. Kowace shekara muna ganin ɗaliban da takardar haihuwarsu da ta jarrabawarsu suka saɓa da harafi ɗaya ko biyu, ko wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya masu « nom » daban, har abin ya tsayar musu da neman tallafin karatu ko fasfo. A ɗaya gefen kuma, inda ake takarar sarauta ko rabon gado, kamancin suna yana iya zama hujja a bakin wanda bai san yadda laƙabi ke tsirowa ba. Aikin masanin harshe a nan shi ne ya bayyana cewa mutum biyu masu suna Mijinyawa suna iya zama bare ga juna, kuma jikokin Mijinyawa ɗaya suna iya cika unguwa ba tare da ko ɗayansu yana amsa sunan ba. A mataki na gaba muna da niyyar gwada wannan hanya a kan sunayen sarauta da suka koma sunayen gida, irin su Ƙaura da Ɗangaladima, inda muke zaton daskarewa ta fi saurin aukuwa.