Zaɓen Shukokin Ƙawata Gida: Rani Shi Ne Alƙali

Da zarar damina ta kankama, duk wanda ya bi manyan titunan Kaduna ko Kano ko Zariya zai ga masu sayar da furanni sun jera hajarsu a bakin hanya, wasu cikin baƙaƙen ledoji, wasu cikin tukwane, kowace shuka ta yi kore shar tana ɗaukar ido. Ma'aikaci ya karɓi albashi, ya tsaya ya cika bayan mota, ya kai gida a dasa. Haka nan shugabannin makarantu sukan sayo su raba wa ɗalibai, a shuka a gaban ajujuwa da ɗakunan kwana. Amma in aka koma waɗannan wurare a watan Afrilu, galibi abin da za a tarar shi ne busassun tsinke a tsaye, kuɗi sun tafi, wahala ta tafi, ruwan da aka yi ta zubawa ma ya tafi a banza.

Sau da yawa akan ɗora laifin a kan yaron da aka sa ban ruwa, ko a ce mai sayarwa ya cuci mutum. Alhali kuwa kuskuren ya auku tun ranar saye. An zaɓi shuka ne da idon damina, aka manta cewa a ƙasarmu rani ya fi damina tsawo, shi ne kuma yake yanke hukunci a kan abin da zai rayu da abin da zai mutu.

Lissafin ruwa

Kafin mai gida ya tambayi sunan fure ko launinsa, ya kamata ya fara sanin ruwan garinsu. A Kano, ruwan saman da akan samu a shekara yakan kai kimanin milimita 800 zuwa 900, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. A Sakkwato da Maiduguri yakan tsaya wajen 600 zuwa 700, na Maraɗi da Damagaram kuwa bai ma kai haka ba. Kaduna takan samu fiye da 1,100, Jos kuma fiye da 1,300, ga ta a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, abin da ya sa take da sanyi. Wannan shi ne dalilin da ya sa furen wardi yake yin kyau a Jos, amma wanda ya ɗauke shi ya kai Birnin Kebbi ya ɗaukar wa kansa jinya.

Bayan ɗaukewar ruwa, shuka tana da gwaji biyu a gabanta. Na farko hunturu, wanda busasshiyar iskarsa take zuƙe danshin ganye, ƙura kuma ta lulluɓe shi. Na biyu bazara, lokacin da zafi yakan haura maki 40 a ma'aunin Salsiyos a garuruwan arewa mai nisa, rijiyoyi su yi ƙasa, famfo ya yi ta ɗaukewa.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce mutum ya dasa shukoki 20 masu son ruwa, kowace tana shan lita 5 a rana. Lita 100 ke nan kullum, watau jarka 4 masu cin lita 25. In rani ya yi wata bakwai, kwana 210, an zuba lita 21,000, jarka 840. Wanda yake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa sai ya auna wannan da albashinsa, ya kuma tuna cewa da ruwan nan ne ake girki da wanka da wanki. Masu iya magana sun ce daidai ruwa daidai tsaki.

Ƙananan itatuwa

Ƙananan itatuwa masu rassa tun daga tushe su ne ƙashin bayan lambun gida, domin su ne suke yin shinge, suke rufe bango, suke kuma daɗewa shekaru. A cikin baƙi, babu wadda ta karɓi ƙasarmu kamar boganbiliya, mai ƙaya da launin ja ko shunayya ko fari ko ruwan goro. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, an kuma sa mata sunan wani Bafaranshe matuƙin jirgin ruwa, Bougainville, wanda ayarinsa ya gan ta a Brazil a 1767. Abin da ido yake gani mai launi ba shi ne furen ba, ganye ne da ya rikiɗe, furen na ainihi ɗan ƙarami ne fari a tsakiya. Halinta shi ne in an cika mata ruwa da taki sai ta yi ta ganye, in an ɗan ja mata rai kuwa sai ta ɓarke da launi. Saboda haka a tsakiyar rani, lokacin da komai ya yi fari fat, ita take cin kasuwarta. Tana bukatar rana sosai da kuma aski a kai a kai, a kuma nisanta ta daga hanyar da yara suke bi saboda ƙayar.

A cikin na gida kuwa, lalle ya cancanci a dawo da shi gaban gida. Yana jure fari, yana yin shinge mai kauri in ana datse shi, furensa yana da ƙanshi da maraice, ga ganyen da iyali za su amfana da shi. Raina shi da ake yi don kawai ba a sayo shi da tsada ba ne.

Akwai kuma waɗanda ya kamata a yi tunani kafin a saya. Habiskos, mai babban jan fure, ɗan'uwan yakuwa da rama ne, kuma kamar su yana son ruwa, awaki ma suna son sa. Iksora da kuroton, waɗanda suke ƙawata gidaje a Legas da Ibadan, shukokin ƙasa mai laima ne. A arewa ganyen kuroton yakan ƙone da hunturu, na iksora kuma yakan koma rawaya in ƙasa ko ruwan da ake ba ta yana da kanwa-kanwa. Wanda ya nace yana son su, to ya tsaya a kan ɗaya ko biyu, ya sa su gefen gabas na ɗaki inda za su samu hantsi su tsira daga ranar la'asar, kusa da inda ake alwala ko wanke kayan miya.

Masu daɗewa a ƙasa

Kashi na biyu su ne shukoki marasa itace waɗanda ba sa mutuwa bayan shekara guda. Amfaninsu shi ne ba sai an sake saye kowace damina ba. Albasar kwaɗi, wadda take fitowa a fadamunmu, misali ce mai kyau. Da rani ganyenta yakan bushe ta kwanta a ƙarƙashin ƙasa ba ta neman ko ɗigo, da saukar ruwan fari kuma sai ta fito da manyan furanni farare masu ratsin ja. Abin lura kawai shi ne a sa alama a wurin don kada a tone ta da fartanya, kuma ba a cin ta.

Sai ƙaramar shukar nan mai fure fari ko ruwan hoda mai kunne biyar, wadda masu sayarwa suke kira binka. Daga tsibirin Madagaska ta fito, tana fure kusan duk shekara, tana kuma tsira ko a tsagar siminti. A shekarun 1950 masana a Kanada da Amurka suka gano sinadarai a cikinta waɗanda har yau ake haɗa maganin sankarar jini da su. Wannan aikin masana ne a ɗakin bincike. Dafa ganyenta a sha a gida haɗari ne.

Mai gida yana iya haɗawa da ɗoɗɗoya da ciyawar nan mai ƙanshin lemo da ake sa wa shayi. Suna son ruwa kaɗan-kaɗan, amma suna biyan ruwan da suka sha.

Masu ajiye ruwa a jikinsu

Kashi na uku su ne shukoki masu kaurin ganye ko kaurin jiki, waɗanda suke tara ruwa kamar yadda raƙumi yake tara kitse a tozo. Da yawa daga cikinsu, irin su zabuwa da moda, suna da wata dabara: suna rufe ƙofofin numfashin ganyensu da rana, su buɗe da dare lokacin da iska ta yi sanyi, don haka ruwan da suke asara kaɗan ne.

Sarauniyarsu ita ce ƙariya, mai kumburarren gindi da fure ja-ja mai haske. 'Yar ƙasa ce, tana fitowa a dazuzzukan Sahel, kuma takan yi fure da rani ko da ta zubar da ganye. A yau ana nomanta a ƙasashen Asiya irin su Tailan ana sayarwa duniya, alhali mu nan muna wuce ta a bakin hanya. Zabuwa, mai ɗigo-ɗigo a ganye irin na zabo, da 'yar'uwarta alobera, suna yin kyau a tukunya. Moda mai dogon ganye kamar takobi tana jure inuwa, saboda haka ta dace da baranda da ofis. Aguwa kuwa, wadda manoma suka daɗe suna shinge da ita, reshe kawai ake yankowa a kafa.

Waɗannan su suka fi dacewa da ma'aikacin da yake zaune a gidan gwamnati ko na haya, wanda takardar sauyin wurin aiki za ta iya riskarsa kowane lokaci, da ɗalibin da yake tafiya hutu ya bar ɗaki a kulle. In suna cikin tukwane sai a ɗora su a mota tare da kaya. Abokin gabarsu ɗaya ne, watau yawan ruwa. A watan Agusta, in ruwa ya kwanta a gindinsu, saiwar takan ruɓe cikin 'yan kwanaki. Maganin haka shi ne a huda gindin tukunya, a haɗa ƙasa da yashi mai tsakuwa rabi da rabi, in kuma a ƙasa za a dasa a yi musu tudu.

Kyan ɗan maciji

Akwai maganar da masu sayarwa ba su cika yi ba. Wasu daga cikin shukokin da suka fi jure fari suna da dafi, da shi ne ma suke kare kansu daga dabbobi. Oliyanda, mai siririn ganye da fure ruwan hoda ko fari, duk jikinta guba ce mai taɓa zuciya, ga mutum da dabba. Ba a ƙona rassanta a murhu, ba a kuma fiƙe su a yi tsinken tsire. 'Yar'uwarta mai rawayan fure kamar ƙararrawa ita ma haka take, musamman ƙwallonta da yara suke son wasa da shi. 'Ya'yan bini-da-zugu suna da daɗin baki ga yaro, amma suna sa amai da gudawa mai tsanani. Ruwan jikin ƙariya kanta mafarauta sun yi dafin kibiya da shi a sassan Afirka. Tinya da ƙerana, waɗanda suke kama da kaktus, farin ruwan da yake fita daga jikinsu yana iya lahanta ido. In ya faɗa idon wani, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta na tsawon lokaci, a kuma garzaya asibiti. Lantana mai ƙananan furanni kala-kala tana cutar da hantar shanu da tumaki, tana kuma yaɗuwa ta mamaye fili.

Saboda haka gidan da yake da ƙananan yara ko dabbobi, da makarantun firamare, su guji oliyanda da bini-da-zugu da tinya gaba ɗaya. Ƙariya kuma a ɗora ta inda hannun yaro ba ya kai.

Saye da dasawa

Lokacin dashe mafi kyau shi ne bayan ruwa ya zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, domin saiwa ta kama ƙasa kafin kaka. A wurin saye, a ɗaga ledar a duba. In saiwa ta huda ta shiga ƙasa har sai an fizge, shukar za ta sha wuya. A duba bayan ganye ko akwai fararen ƙwari masu kama da auduga. Ƙaramar shuka mai lafiya ta fi babba wadda ta daɗe a leda, ga ta kuma da araha.

A haƙa rami mai faɗin ninki biyu na ledar, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A bar tazarar aƙalla mita ɗaya daga bango, manyan itatuwa irin su darbejiya kuwa a nisanta su sosai daga tushen gini da sokawe. A haɗa masu son ruwa wuri guda, masu jure fari wuri guda, don kada a kashe wasu wajen raya wasu. Da rani a yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, a zuba ya ratsa ƙasa sau biyu ko uku a mako maimakon yayyafi kullum, a kuma rufe gindin da busasshen ganye. Kada a bar ruwa ya kwanta a faranti ƙarƙashin tukunya, domin nan sauro yake ƙyanƙyasa.

Mai neman ƙarin bayani yana iya tuntuɓar sashen gandun daji na jiharsu, ko reshen Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa da yake Bagauda a jihar Kano, ko Kwalejin Aikin Lambu ta Tarayya da take Dadin Kowa a jihar Gombe.

Amma akwai makarantar da ta fi kusa, kuma ba a biyan ko kwabo. A watan Afrilu, mai karatu ya zaga unguwarsu, ya leƙa tsofaffin gidajen ma'aikata da tashar jirgin ƙasa da harabar tsofaffin makarantu, ya rubuta sunan duk shukar da ya gani a raye ba tare da wani yana kula da ita ba. Ya roƙi reshe ko iri a wurin masu su. Wannan takarda ita zai riƙe a hannu ranar da ya tsaya gaban mai sayar da furanni a watan Yuli.